Idan Mai Rabon Adireshi Ya Faɗi: Tanadin Madadi a Tsarin DHCP

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna ajin ginin jumla ya san cewa Hausa ba ta faɗin jinsi sau ɗaya ta yi shiru. Ɗauki jumlar "doguwar yarinyar ta tafi". Sifa ta nuna mace, mahaɗin da ke jikinta ya nuna mace, sunan kansa ya nuna, madanganci ya sake nunawa, sannan zagin aikatau ya zo ya rufe. Sau biyar ke nan a jumla mai kalmomi huɗu. Wani zai ce ɓarna ce. Amma a hayaniyar tasha, idan ƙara ta cinye alama biyu, ukun da suka rage sun isar da saƙo. Sharaɗin kawai shi ne alamomin su jitu. Ranar da aka ce "doguwar yarinyar ya tafi", maimaicin da aka yi don kariya shi ne zai rikita mai sauraro.

Masu haɗa kwamfutoci su ma suna da irin wannan maimaici da suke yi da gangan, kuma su ma babbar matsalarsu ita ce jituwa. A wannan ɗan rubutu zan ɗauki misali ɗaya, wato yadda ake ajiye kwamfuta biyu su riƙa rabon adireshi a hanyar sadarwa ɗaya, domin idan ɗaya ta faɗi ɗayar ta ci gaba da aiki. Zan yi bayanin da Hausa gwargwadon iko. Kalmomin da ba su riga sun zauna a bakin jama'a ba, zan faɗi abin da na kira su a inda suka fara fitowa.

Wane ne mai rabon adireshin?

Kowace na'ura da ta hau hanyar sadarwa, kwamfuta ce ko wayar salula ko firinta, sai ta sami lambar da za a riƙa aiko mata da saƙo a kanta. Wannan lamba ita ce adireshin IP. A tsarin IPv4, wanda har yanzu shi ya fi yawa a cikin makarantu da ofisoshi, tana zuwa ne da gungun lambobi huɗu kamar 192.168.10.57. Dokar farko game da ita kuwa, na'ura biyu ba za su riƙe adireshi ɗaya a zango ɗaya a lokaci ɗaya ba. Zango nake kiran rukunin na'urorin da shelar ɗayarsu ke isa ga sauran kai tsaye, ba tare da ta ratsa rauta ba. Idan aka karya wannan doka, saƙon wannan ya faɗa hannun waccan, dukkansu su riƙa yankewa.

Da can da hannu ake rubuta wa kowace kwamfuta adireshinta. A 1985 aka fito da BOOTP, mai ba kwamfuta adireshin da aka riga aka ware mata a jadawali. A 1993 DHCP ya biyo baya da sabon abu, wato adireshi ya zama abin aro mai wa'adi, wanda ake karɓewa a ba wani idan mai shi ya tafi. Ƙa'idar da ake bi har yau ita ce wadda hukumar IETF ta fitar a watan Maris na 1997 mai lamba RFC 2131, wadda Ralph Droms na Jami'ar Bucknell a Amurka ya rubuta. Kwamfutar da ke wannan rabo, marubutan fasaha a jaridun Hausa kan kira irinta uwar garke, masu aikin kuwa sabar suke cewa. Zan riƙe ta biyun saboda gajartarta.

Cinikin da ke gudana tsakanin na'ura da sabar magana huɗu ce, kuma kasuwa ta riga ta ba mu sunayensu. Na'ura ta yi cigiya. Tun da ba ta da adireshi, ba ta kuma san na kowa ba, sai ta yi shela ga duk zangon: ko akwai mai ba da adireshi? Sabar ta yi tayi: ga 192.168.10.57, na kwana 8. Na'ura ta amsa tayin, shi ma da shela, tana ambaton sabar ɗin da ta zaɓa, domin idan akwai wata da ta yi tayi ta janye nata. Sai sabar ta sallama, ta rubuta a littafinta cewa lamba kaza tana hannun na'ura kaza har zuwa lokaci kaza. Tare da adireshin takan haɗa mata da na ƙofar fita zuwa intanet, da na sabar ɗin DNS mai fassara sunaye zuwa lambobi.

Abin lura a nan shi ne, tun farko ƙa'idar ta yarda na'ura ta sami tayi daga sabar fiye da ɗaya. Abin da ba ta faɗa ba shi ne yadda sabar biyun za su yi magana a tsakaninsu. Duk abin da zai biyo baya a wannan rubutu, daga wannan giɓi ya fito.

Wa'adi, da yadda faɗuwa ke ɓoyewa

Na'ura ba ta jira sai wa'adi ya cika kafin ta nemi ƙari. Da zarar rabinsa ya wuce, takan tuntuɓi sabar ɗin da ta ba ta aron, ita kaɗai. Idan ba a amsa ba ta ci gaba da aiki tana sake tuntuɓa. Idan kashi 7 cikin 8 na wa'adin ya wuce ba amsa, sai ta koma shela: duk wata sabar da ke ji ta sabunta mini. Idan wa'adin ya cika babu wadda ta amsa, dole ta ajiye adireshin ta koma cigiya daga farko. A Windows Server, wa'adin da yake zuwa da shi ga na'urori masu waya kwana 8 ne. Ke nan neman ƙari a kwana na 4, shela a kwana na 7.

Wannan ya sa faɗuwar sabar ɗin DHCP take da yaudara. Wanda ya riga ya karɓi aro yana aikinsa lafiya lau. Wanda ya shigo yanzu shi ne zai ga wayarsa ta kama Wi-Fi amma babu abin da ke buɗewa. Kwamfuta mai Windows idan ta gaji da cigiya takan zaɓar wa kanta adireshi mai farawa da 169.254, wanda ba ya fita waje da zangon, ta kuma riƙa sake cigiya duk bayan minti 5. Mutane sai su ɗora wa kamfanin da ke ba da intanet laifi, alhali layinsa ƙalau yake. A ofis mai kwamfutocin tebur da dogon wa'adi ana iya kwana biyu ba a gane ba. A harabar jami'a kuwa, inda ake gajarta wa'adin Wi-Fi zuwa awa ɗaya ko biyu saboda masu shiga da fita, kafin a tashi daga lacca ɗaya kowa ya fita daga layi. Idan ya dace da makon rajista ko ranar jarrabawa ta kwamfuta, ba sai na faɗa wa ɗalibi abin da hakan ke nufi ba.

Magani mafi arha shi ne a tsawaita wa'adi, domin a sami lokacin gyara kafin a ji a jika. Sai dai bai taimaki sabon zuwa da komai ba, kuma yana cinye adireshi. Baƙon da ya yi minti 10 ya tafi, lambarsa tana nan a ɗaure har wa'adi ya cika. Ga kuma wayoyin yanzu, tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, sukan ɓoye lambar MAC ɗinsu ta asali, wato wadda aka buga a jikin na'urar, su ƙirƙiro wata. Duk lokacin da ƙirƙirarriyar ta sauya, sabar takan ɗauki wayar a matsayin sabuwar baƙuwa ta ba ta wani adireshin.

Hanya ta farko: a raba rumbu

Rumbu nake kiran jerin adireshin da aka ba sabar ta riƙa rabawa. A ce namu ya fara daga 192.168.10.51 zuwa 192.168.10.250, adireshi 200 ke nan. Idan aka kafa sabar ta biyu aka ba ta wannan rumbun dai, kowacce da littafinta, an sayi rigima. Ta farko ta ba wani lamba 57, ta biyu ba ta sani ba, ta ba wani daban.

Tsohuwar dabara ita ce a yanka rumbun gida biyu, kowacce da nata, ba sa shiga na juna. Microsoft ya daɗe yana ba da shawarar rabon 80 da 20, wato a misalinmu ta farko ta riƙe 160, ta biyu 40. A Windows Server 2008 R2 an ƙara damar a sa ta biyun ta ɗan jinkirta tayinta, abin da bai wuce daƙiƙa ɗaya ba, tun da yawancin na'urori tayin farko suke karɓa. Ta haka 40 ɗin ke zama a ajiye sai ranar buƙata.

Kyawun wannan hanya shi ne sabar biyun ba sa magana da juna, don haka ba su da abin da za su saɓa a kansa. Aibinta kuwa lissafi ne. Idan akwai na'ura 150 a hannun ta farko ta faɗi, ta biyu ba za ta iya sabunta musu ba, domin ba ta san da aronsu ba kuma lambobinsu ba na rumbunta ba ne. Duk wadda wa'adinta ya cika sai ta nemi sabo daga cikin 40. Ta 41 ta tsaya a waje. Wato rabon 80 da 20 caca ce cewa za a gyara ta farko kafin yawancin wa'adi su cika.

A ganina, ƙaramin sashe bai kamata ya raina wannan hanya ba, in dai zai yi rabon rabi da rabi kuma kowane rabi ya ishi duk na'urorinsa. Adireshin cikin gida ba sayensa ake yi ba. Jerin da ke farawa da 10 shi kaɗai ya haura miliyan 16. Wanda ke da na'ura 150 ya faɗaɗa zangonsa ya ba kowace sabar 200, ya huta. Abin da zai rasa kawai shi ne, ranar faɗuwa na'urori za su sauya adireshi, wanda kan yanke duk wata hulɗa da suke tsakiyar yi.

Hanya ta biyu: littafi ɗaya, marubuta biyu

Inda ba a son ko wannan yankewar, sai a sa sabar biyun su riƙa sanar da juna duk aron da suka bayar, ta yadda kowacce za ta iya sabunta abin da 'yar'uwarta ta bayar. Wannan nake kira tsarin maye gurbi. Wani kwamitin IETF ya shafe shekaru yana rubuta masa ƙa'ida, daftarin ƙarshe ya fito a 2003, amma bai taɓa zama tabbatacciyar ƙa'ida ba. Duk da haka ƙungiyar ISC ta Amurka ta sa shi a manhajarta ISC DHCP tun daga zubi na 3, Microsoft kuma ya ɗora nasa a kan daftarin a Windows Server 2012. Sai dai ba a haɗa sabar ɗin Windows da ta ISC su zama abokan aiki, domin kowane ya karanta daftarin ta hanyarsa. Tsarin IPv6 shi ya yi dacen samun tabbatacciyar ƙa'ida, RFC 8156, a 2017.

Zaman abokan aikin iri biyu ne. Ko dai ɗaya na aiki ɗaya na zaman ko-ta-kwana, ko kuma su raba aiki. Na biyun yana da dabara mai ban sha'awa da aka bayyana a RFC 3074 a 2001. Dukkansu suna jin cigiya. Kowacce ta ɗauki lambar shaidar na'urar ta yi mata lissafi iri ɗaya, wanda ke fitar da lamba tsakanin 0 da 255. Rabin waɗannan lambobi 256 na wannan ne, rabi na waccan. Wadda abin ya faɗo a kasonta ta amsa, ɗayar ta yi shiru, ba tare da sun tambayi juna ba.

Shiru mai harshen damo

Muddin suna jin juna, babu wuya. Wuyar tana farawa ne lokacin da ɗaya ta daina jin ɗaya. A ɗauka masauki ne mai ɗaki 200 da ƙofa biyu, kowace ƙofa da akawunta, suna sanar da juna ta waya duk ɗakin da suka bayar. Wata rana akawun ƙofar gabas ya kira, ba a ɗauka ba. Wannan shiru harshen damo ne. Ko dai abokinsa ya faɗi, ko kuma waya ce ta yanke, abokin yana can yana ta ba da ɗakuna. Daga inda yake zaune ba shi da hanyar bambancewa. Idan ya ɗauka faɗuwa ce ya fara ba da ɗakunan abokinsa alhali waya ce, baƙi biyu za su haɗu a ɗaki ɗaya. Idan ya ɗauka waya ce ya riƙe hannu alhali abokin ya faɗi, baƙi za su kwana a waje ga ɗakuna a buɗe.

Daftarin ya warware wannan ne da matakai. Da zarar an daina jin juna, sabar takan shiga halin yankewar magana. A wannan hali tana amsa wa kowa, har da na'urorin da ba kasonta ba, tana kuma sabunta duk aron da ke littafi. Amma sabon aro daga nata kason adireshin da ba kowa a kansu kawai za ta bayar. Ko adireshin da wa'adinsa ya cika a littafinta ba za ta ba wani daban ba, domin mai yiwuwa abokiyarta ta sabunta shi ba ta ji ba. Zama ne na taka-tsantsan, kuma idan ya daɗe rumbu ƙafewa yake yi a hankali. A Windows, sabar mai zaman ko-ta-kwana kashi 5 cikin 100 ake ware mata don wannan hali, sai in an sauya. A rumbu mai 200 kimanin 10 ke nan, abin da ba zai kai ƙarshen lacca ɗaya ba. Mataki na gaba shi ne halin faɗuwar abokiyar aiki, inda sabar ke ɗaukar cewa ita kaɗai ta rage, rumbun duka nata ne.

To amma ko da faɗuwar ta tabbata, akwai sauran tambaya. Ina aron da marigayiyar ta bayar a daƙiƙarta ta ƙarshe, kafin ta sanar? A tsarin daftarin sabar takan fara sallamar na'ura ne, sannan ta sanar da abokiyarta daga baya, don kada a tsayar da mai nema. Nan ne aka kawo ƙa'idar da na fi ganin hikimarta a duk tsarin, wadda ake taƙaita sunanta da MCLT, ni kuma zan kira ta iyakar tazara. Ƙa'idar ta ce kada sabar ta yi wa na'ura alkawarin da ya zarce abin da abokiyarta ta sani da fiye da wannan tazara. A Windows awa 1 ce in ba a sauya ba.

Ga yadda take aiki. Sabuwar kwamfuta ta zo, wa'adin da aka tsara kwana 8 ne. Abokiya ba ta san komai game da ita ba tukuna, don haka aron farko na awa 1 ne kacal. Nan take sabar ta sanar da abokiyarta cewa ta ba da lamba kaza, kuma tana da niyyar kai shi kwana 8 da rabin awa. Abokiya ta amsa cewa ta rubuta. Bayan minti 30, wato rabin wa'adi, kwamfutar ta dawo neman ƙari, sai a ba ta cikakken kwana 8, tun da yanzu littafi biyun sun sani. Idan kuwa sabar ta faɗi kafin ta sanar, wadda ta rage ta san abu ɗaya tabbas: duk wani alkawarin da ba ta ji labarinsa ba, ba zai wuce awa 1 ba. Saboda haka bayan ta shiga halin faɗuwar abokiya sai ta jira awa 1, sannan ta fara taɓa kason marigayiyar ba fargaba. Ba ta san me aka bayar ba, amma ta san lokacin da zai ƙare, kuma wannan ya ishe ta.

Zaɓen tsawon tazarar ciniki ne. Gajeruwa tana sa a karɓi rumbu da wuri, amma a halin yankewar magana na'urori za su riƙa dawowa neman ƙari a kai a kai, nauyi ya yi wa sabar ɗaya yawa. Doguwa tana rage nauyin, tana kuma tsawaita jira.

Saura babbar tambaya: wa zai yanke hukuncin cewa abokiya ta faɗi? A ISC DHCP da Windows, yadda suka zo, mutum ne. Mai kula da hanyar sadarwa ya je ya duba da idonsa sannan ya ba da umarni. Dukkansu suna da zaɓin a sa agogo, idan shiru ya kai minti kaza sabar ta yanke hukunci da kanta, amma a kashe yake zuwa. Ra'ayina shi ne a duba inda aka ajiye su. Idan hanyar da suke magana da juna ita ce dai hanyar da na'urori ke bi su same su, to wadda abokiyarta ba ta ji, da wuya na'urori su ji ta, agogo ba shi da haɗari sosai. Idan kuwa ɗaya na wannan harabar ɗaya na waccan, kuma igiyar da ke tsakaninsu na iya yankewa kowacce ta ci gaba da jin wani ɓangare na zango ɗaya, agogo zai sa kowacce ta naɗa kanta magajiya. Ranar da igiya ta dawo sai a tarar da littafi biyu masu saɓani. Daftarin ya tanadi matakin sasanta su, amma kafin nan an riga an ba mutum biyu lamba ɗaya.

Yadda Kea ta bi da shirun

ISC ta daina kula da ISC DHCP a ƙarshen 2022. Magajiyarta ita ce Kea, wadda ta sami nata tsarin maye gurbi a zubi na 1.4 a 2018, kuma ba ta bi daftarin ba. Ba ta da iyakar tazara. A maimakon haka sai abokiya ta amsa cewa ta rubuta kafin a sallami na'ura, don haka a zaman lafiya babu alkawarin da ɗaya ta sani ɗaya ba ta sani ba.

Game da shiru kuwa, Kea shaida take nema. Sabar biyun suna gaisawa duk daƙiƙa 10. Idan aka yi minti 1 ba amsa, wadda ta rage ba ta yanke hukunci nan take. Sai ta kasa kunne ga na'urorin da ke kason abokiyarta. A cikin saƙon cigiya akwai gurbin da na'ura ke rubuta daƙiƙa nawa ta yi tana nema. Idan na'ura fiye da 10 suka nuna sun haura daƙiƙa 10 ba a kula su ba, to ba waya ce kawai ta yanke ba, abokiya ba ta aiki. Duk waɗannan lambobi ana iya sauya su. Ɗalibin ilimin ma'ana zai gane dabarar, domin mu ma da muhallin magana muke warware harshen damo. Rauninta shi ne a ƙaramin zango da tsakar dare, inda ba za a sami masu cigiya 10 ba, hukunci zai jinkirta. Sai dai a lokacin masu cutuwa ma kaɗan ne.

Abubuwan da ke wajen sabar

Sau da yawa ba a cikin sabar ake faɗuwa ba. Shela ba ta ƙetare rauta, don haka a babbar hanyar sadarwa mai zango da yawa, rauta ce ke zama ɗan aike, ta ɗauki cigiya ta kai wa sabar a adireshinta. Idan adireshin ta farko kaɗai aka rubuta wa ɗan aike, ta biyu tana nan lafiya amma kurma ce. Dole a rubuta duka biyun, a kowane zango. Haka nan katangar tsaro ta bar musu ƙofar da suke magana, wadda a Windows ita ce TCP mai lamba 647.

Sai agogo. Duk lissafin wa'adi a kan lokaci yake, saboda haka Windows ba ya yarda a ƙulla abokantaka idan agogon biyun sun saɓa da fiye da minti 1. Kea kuwa tana gargaɗi a daƙiƙa 30, a daƙiƙa 60 ta dakatar da haɗin gwiwar. A sa su duka su riƙa saita agogo daga tushe ɗaya.

Akwai kuma abin da mutane da dama ba sa zato. Littafin aro ne ke tafiya da kansa tsakanin sabar biyun, ba tsare-tsare ba. Idan aka keɓe wa firintar ofis adireshi na dindindin a ta farko, ko aka sauya adireshin DNS, a Windows sai an ba da umarnin kwafa zuwa ta biyu, a Kea kuma kowacce da fayil ɗin tsarinta. In an manta, ranar maye gurbi za a sami adireshi amma firinta ta ɓace.

Wuta kuwa, mu nan ba sai an tuna mana ba. Na taɓa shiga ɗakin na'urorin wata cibiya na tarar da sabar biyun, an tsara su yadda ya kamata, amma a soket ɗaya, a kan inbata ɗaya. A takarda biyu ne, a gaban ɗaukewar wuta ɗaya ce. Haka abin yake idan duka biyun manhajoji ne da ke zaune a cikin kwamfuta guda. A raba musu gini idan da hali, in babu, a raba musu batir da akwatin da wayoyinsu ke shiga.

Gwaji

Tsarin maye gurbi mai kyau yana ɓoye faɗuwa, kuma wannan ma haɗari ne. Ta farko na iya mutuwa wata guda ba wanda ya sani, sai ranar da ta biyu ta bi ta. Don haka a sa wata manhaja ta riƙa duba halin da kowacce ke ciki, da yawan adireshin da ya rage a rumbu, ta aika wa mai kula saƙo idan abu ya sauya.

Gwajin kansa iri biyu ne, kuma a ranar da ba jama'a ake yin sa. Na farko a kashe sabar ɗaya ɗungurungum, a kunna wata kwamfuta da ba ta taɓa hawa zangon ba a ga ko ta sami adireshi, sannan a tilasta wa wata tsohuwa ta nemi ƙari a ga ko lambarta ta dā aka bar mata. Na biyu a bar su duka a kunne, a toshe ƙofar da suke magana kawai, a zauna a kalli abin da kowacce za ta yi har lokacin da aka sa wa agogo ya wuce. Bayan nan a dawo da wadda aka kashe. Za ta fara karɓar littafi daga abokiyarta kafin ta amsa wa kowa, kuma a tsarin daftarin, idan an riga an ayyana faɗuwarta, sai iyakar tazara ta cika tun daga lokacin da ta faɗi sannan ta koma rabo. Wanda ya ga ta yi shiru a wannan tsakani kada ya sake kashe ta ya kunna, jira take yi. A maimaita gwajin a kowane zango, domin ɗan aiken kowane zango daban ake rubuta masa.